Baƙon Manaja Ba Ya Bin Layi

Yayanmu shekararsa goma sha huɗu a teburin karɓar baƙi na wani babban otal, kuma tun a shekara ta biyu ya daina jin maganar kowa. Aikinsa shi ne ya tsara wa baƙo yininsa, inda zai leƙa da safe, inda zai ci abincin rana, da wasan da zai kalla da yamma. Ba manaja ba ne fa. Baba ne ke ce masa Manaja, shi kuma bai taɓa gyara masa ba. Ni ce ke bi masa, guga nake yi a wani shagon wankin kaya. Sai Autanmu, wanda saboda shi Baba ya yi yini guda cur a mota ya shigo birnin nan.

Auta ɗan tsere ne, mita ɗari huɗu yake gudu, wato zagaye ɗaya na fili. Shekara goma sha biyu yana yi, Baba bai taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya. Da can ma cewa yake mutumin da ba a biyo shi ba me zai sa shi gudu. A falona Auta ya yi shekara shida yana kwana. Ni na wanke masa rigunan nan nasa masu tsami, ni na riƙa ɗaure masa ƙanƙara a gwiwa. Bana gwiwar ta ce ta gaji, likita ma ya goyi bayanta, sai Auta ya ce gasar ranar Asabar ita ce ta ƙarshe. Shi da kansa ya kira Baba ya roƙe shi ya zo. Ina zaune a wurin ina kallon Auta, ƙato da gemunsa yana roƙo. Baba ya ja numfashi ya ce to, zai zo.

Ranar Juma'a Auta ya riƙe hannuna ya ce, "Anti, uku da minti goma. Ni ne a rukunin farko. Don Allah ki riƙe lokacin nan."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ni da bakina na faɗa.

Takardun shiga da ake ba iyalan 'yan wasa, na kujerun da ke daf da inda ake kammala gudu, Auta ya kai wa Yaya don girmamawa. Shi kuwa Manaja ya ce mahaifinsa ba zai zauna a kan kujerar roba cikin rana ba. Ya bi ta hannun wani da ya sani aka musanya su da na wurin manyan baƙi, can sama ƙarƙashin rufi, ya ajiye tikiti ukun a wayarsa. A lokacin na ɗauka kujera duk kujera ce.

Ƙarfe tara na safiyar Asabar sai ga shi a ƙofar gidana, ya sha kwat, mota na sheƙi. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya miƙa mana takarda kowa ɗaya, an buga ta da inji, har da tambarin otal a sama. Hasumiya tara da rabi. Gidan tarihi sha ɗaya. Jirgin ruwa sha biyu da rabi. Abincin rana ɗaya da rabi. Filin wasa uku da rabi.

Na ja shi gefe.

"Yaya, uku da rabi na gani a nan."

"Daidai kika gani."

"Uku da minti goma zai yi gudu."

"Ke, a tikiti an rubuta uku zuwa bakwai. Awa huɗu ke nan. Ni baƙona ba ya bin layi. Duk wanda na tura kallon ƙwallo, sai an yi minti ashirin ko talatin da farawa nake sa shi ya isa. Lokacin ƙofa ta yi sarari, ya shige abinsa ba mai taka masa ƙafa. Ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi."

"Wannan ba ƙwallo ba ce. Ko minti ɗaya ba ya kaiwa."

"Fili ɗaya ne, ƙofa ɗaya ce. Kuma a ina kika taɓa ganin an fara taro a kan lokaci?"

"A wurin nan. Da bindiga suke farawa."

Ya yi dariya, irin wadda yake yi wa baƙon da ya tambayi abin shirme, ya dafa kafaɗata ya ce in bar masa aikinsa. Mutumin da bai taɓa zuwa kallon ƙaninsa ba ko sau ɗaya! Na haɗiye, na ce a raina yini da tsawo, zan shawo kansa a hanya.

A hasumiya na'urar hawa ta cilla mu hawa na hamsin, Baba ya toshe kunnuwansa yana salati. Da muka fito ya riƙe ƙarfen bakin gilashi da hannu biyu, ya leƙa ƙasa, ya ce mutanen garin nan ba su da tsoron Allah. Manaja ya buɗe muryarsa ta aiki, wadda yake yi ta hanci, ya shiga lissafa shekarar da aka gina wannan da tsawon wancan. Baba ya saurara na ɗan lokaci, sai ya juyo gare ni.

"Uwata, ina wurin da yaron zai yi gudun?"

Na nuna masa. Daga can sama filin kamar kwanon sha da aka ajiye a tsakar gida. Ya daɗe yana kallo, ya ce ashe babba ne.

A gidan tarihi an jera ƙasusuwan wata dabba da ta kusa taɓo rufi. Baba ya zagaya ta da sandarsa, ya tambayi mai gadin ko su waye suka cinye naman. Mai gadin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba, idona na kan agogon bango. Muna fitowa na ce ni ba inda zan shiga jirgin ruwa, ruwa na sa ni amai, in kuma sun matsa zan yi shi a kan kwat ɗin wani. Ƙarya nake, amma ta yi aiki. Manaja ya zaro biro ya soke jirgin. Na ce alhamdu lillahi, mun samu awa guda, mu wuce mu ci abinci yanzu.

"Ɗaya da rabi aka ajiye mana tebur."

"To mu ci a wani wurin mana. Ga gidajen abinci nan birjik."

"Baba ne zai ci a wani wurin?"

Awar nan da na ƙwato da ƙarya, a bakin wani famfon ado muka kashe ta. Ya tsayar da tsoho yana ɗaukarsa hoto, a matsa hagu, a ɗaga kai, a cire hula, a mayar da hula. Ya saya masa wata ƙaramar hasumiya ta roba mai wuta a ciki. Ina tsaye da jakar Baba a hannu, raina na tafasa.

Gidan abincin a bakin kogi yake, tebura da fararen mayafai, kowane mutum cokula uku da wuƙaƙe biyu. Tun daga ƙofa ake gaida Manaja, don shi ke turo musu baƙi. Na buɗe baki zan ce a kawo mana shinkafa da kifi mu ci mu tashi, sai ya ɗaga mini hannu. Ya riga ya yi oda tun ranar Laraba. Kala bakwai, ɗaya bayan ɗaya.

Wanda bai taɓa shiga irin wurin nan ba ba zai gane ba. Za a kawo faranti mai faɗin tire, a tsakiyarsa ɗan abu kamar an manta da shi wajen wanke-wanke. Mai kawo abincin ya tsaya, hannu a baya, ya yi bayanin inda aka kamo kifin da abin da aka shafa masa. Ku cinye a loma biyu, a kwashe, a canza cokula, ku zauna jiran na gaba minti goma. Baba ya kalli na farko ya ce, "Wannan ɗanɗano ne, ko har an fara?" Haƙoransa ba su cika ba, a hankali yake tauna, kuma tun muna yara bai taɓa tashi ya bar abinci a kwano ba.

Biyu da kwata muna kan na huɗu. Na kira Auta, waya a kashe. Na san za ta kasance a kashe, awa ɗaya kafin gudu ake karɓe su a shigar da su ɗakin jira. Biyu da rabi na ajiye cokali na miƙe tsaye.

"Yaya, minti ashirin da biyar ne daga nan in hanya ta yi kyau. Mu tashi."

"Zauna, ana kallonmu."

"A kalle mu. In ba za ka tashi ba, turo mini tikiti biyu, in tari tasi in tafi da Baba. Kai ka biyo mu in ka gama da cokulanka."

"Ba na raba tawaga."

"Tawaga? Mahaifinmu ne, ba tawaga ba!"

Muryata ta fita fiye da yadda na so. Wata mata a teburin gefe ta juyo. Na durƙusa a gefen kujerar Baba na ce, "Baba, don girman Allah ka tashi mu tafi. Wallahi za mu rasa shi."

Baba ya goge bakinsa, ya dube ni, ya dubi Manaja.

"Manaja, za mu makara?"

"Ko kusa, Baba. Kullum abin da nake yi ke nan."

"To kin ji. Zauna, Uwata. Ke kin fi shi sanin guga, shi ya fi ki sanin gari. Kuma ba a tashi a kan abincin da ɗan'uwa ya yi wahalarsa."

Maganar nan ta ƙona ni har ƙashi. Ba da mugunta ya faɗe ta ba, shi ya sa ma ta fi zafi. Na koma na zauna. Ban san me ya zaunar da ni ba, ko tarbiyya ce ko tsoro ne. Sauran kala ukun ban taɓa su ba.

Uku saura minti goma na gane abin da muke jira. Ƙofar kicin ta buɗe, shugaban masu dafa abincin ya fito da doguwar farar hularsa, ya nufo teburinmu. Ya rungume Manaja, ya sunkuya ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya ce ɗansa babban mutum ne a garin nan, rabin teburan nan shi ke cika su. Na kalli fuskar Yaya. Sheƙi take yi. Ashe duk yinin nan ba na Auta ba ne. Yaya ya samu mahaifinsa a birni karo na farko, kuma ya rantse sai tsoho ya gani da idonsa yadda ake rusuna masa. Har da hoto aka tsaya aka ɗauka.

Uku saura minti uku muka shiga mota. Ba mu yi nisa ba muka tarar an rufe babban titin filin wasa, kamar yadda ake yi duk ranar gasa. Manaja ya ce ya san wata hanya ta baya. Sauran mutanen garin ma sun san ta. Muka tsaya a bayan wata motar ɗaukar lemo, danja ta ba da hannu sau biyu ba mu matsa ba. Agogon gaban mota ya nuna uku da minti goma.

Na ce, "An harba."

Baba na baya yana juya hasumiyarsa ta roba yana neman inda ake kunna ta. Can wayata ta yi ƙara. Matar kocin Auta ce ta turo saƙo: ya zo na biyar, ku kuna ina? Uku na farko kaɗai ke wucewa zagaye na gaba. Na kife wayar a cinyata.

Daga inda muka ajiye mota zuwa ƙofa tafiya ce mai ɗan nisa, ga ƙafar Baba. Muka isa uku da rabi daidai, kamar yadda takarda ta ce. Ƙofar fayau, mai duba tikiti har yana hamma. Manaja ya nuna wayarsa, ƙarfen ƙofar ya juya, ya waiwayo yana murmushi.

"Kun gani ko? Ba layi."

Da akwai dutsen guga a hannuna a lokacin, da yau wani labarin ake ba ku. Na matsa kusa da shi na ɗora masa wayata a gaban ido. Ya karanta. Ya sake karantawa. Na ga murmushin ya bushe a fuskarsa. Baba na gaba yana hawa matakala da sandarsa, bai ga komai ba.

Kujerun manyan suna da laushi, ba ƙarya, ga inuwa, ga mai kawo ruwan sanyi. Sai dai daga can mutanen da ke fili ba su fi ɗan yatsa ba. Rukunin ƙarshe na mita ɗari huɗu ne ke shirin tashi, mutum takwas kowa a layinsa, suna karkaɗa ƙafafu. Baba ya ƙi zama. Ya kare ido da hannu yana duba su ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne ne nawa?"

Ya juyo wajen Yaya.

"Manaja, wanne ne nawa a ciki?"

Yaya ya kalle ni. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna wani dogo mai shuɗiyar riga irin ta ƙungiyar su Auta.

"Ga shi can, Baba. Layi na huɗu."

Ya matso kunnena ya ce, "Don Allah kar ki ɓata masa rai. Zan yi wa Auta bayani."

Kafin in ce wani abu bindiga ta tashi.

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya don murna ba. Faɗa kam mun sha ji. Amma ran nan sandar ma faɗuwa ta yi. Ya riƙe kujerar gabansa yana dukan ta da tafin hannu. "Auta! Auta! Kar ka waiwaya! Ɗana ne, wancan mai shuɗi ɗana ne!" Wani mai ƙaton ciki a kusa da mu ya taya shi ihu. Mai shuɗin ya sha kwana ta ƙarshe yana na biyu, ya buɗe ƙafa, ya wuce na gabansa ana saura 'yan taku. Fili ya ɗauki sowa. Baba ya damƙi wuyan kwat ɗin Yaya yana jijjiga shi, hawaye na bin gemunsa.

"Ya ci! Wallahi ya ci! Uwata, kin ga ɗan banzan yaron nan?"

Ya juyo zai kama hannuna, sai ya tsaya cak.

Auta na tsaye a matakala, taku uku a bayanmu. Ya saka rigar sanyi, jaka a kafaɗa, an naɗe masa ƙanƙara a gwiwa da leda. Gumin ma ya bushe. Ban san tun yaushe yake wurin ba, amma daga fuskarsa na gane ya ji komai.

Baba ya dube shi, ya dubi fili inda mai shuɗin ke zagayawa yana ɗaga hannu, ya sake dubansa.

"Kai ne nan?"

"Ni ne, Baba. Sannu da zuwa."

"To wancan fa?"

"Ɗan ƙungiyarmu ne. Bana ya fara."

"Kai yaushe ne naka?"

"Na yi nawa, Baba. Ni ne na farkon tashi."

"To anjima za ka sake?"

"A'a. Na biyar na zo."

"Gobe fa?"

Auta ya girgiza kai. "An gama, Baba."

Baba ya laluba kujera ya zauna. Mai ƙaton cikin ya ɗauko masa sandarsa ya jingina masa, ya kau da kai.

Yaya ya gyara wuyan kwat ɗinsa ya ce, "Baba, ai ba abin damuwa ba ne, suna ɗaukar bidiyo. Na san wani a ofishinsu, zan sa a..."

A nan na fashe. Ban damu da manyan baƙi ba, ban damu da mai kawo ruwa ba. Na ce ya rufe mana baki. Na ce shekara goma sha biyu yaron nan yana tashi tun asuba yana zagaya fili, kai ko ranar gasarsa ba ka taɓa tambaya ba, yau ɗaya da ya roƙi abu ɗaya ka ɗauke ta ka kai wa mai farar hula. Na ce tun safe nake gaya maka, a ƙofar gida na gaya maka, a kan tebur na durƙusa, ka mai da ni mahaukaciya a gaban mutane. Na ce kuma bayan duk wannan ka tsaya ka nuna wa mahaifinka ɗan wani. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan maimaita ba. Yaya bai ɗago kai ba. Auta ya zauna a kan matakala, tunda ba shi da kujera a wurin, yana kwance ledar gwiwarsa.

Baba ya bari sai da numfashina ya ƙare.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Shi wannan bai san gudun ƙaninsa ba, na ji. Ke fa? Kin san ba shi ba ne?"

"Na sani."

"Tun kafin a harba?"

"Tun a mota."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Kika tsaya a gefena kina kallona ina yi wa ɗan mutane ihu."

Washegari da safe Auta ya raka shi tasha, ni ban iya zuwa ba. Wata biyar ke nan ba na magana da Yaya, in ya kira ina kallon wayar har ta katse, kuma duk wanda ya zo sulhu ina ba shi ruwa in raka shi ƙofa. Amma idan na tsaya a kan teburin guga, ba fuskar Yaya ke zo mini ba. Na san yadda Auta ke karkata kafaɗarsa ta hagu in ya sha kwana, ko daga saman wane gini zan gane shi. Kalma huɗu kawai zan ce wa tsohon nan, ba shi ba ne, amma na ja bakina na yi shiru har mai shuɗin ya gama zagaye.